Dutsen Iliya Mai Ido Arba'in

"…lafiya lau, tsohuwa. Ya idon? Har yanzu mutum biyu kike gani in na shigo?"

"Da ma biyun ne, in zaɓi na kirkin in kori ɗayan. Rufe min ƙofa, kana shigo min da rana."

Zaid ya tura ƙofar da ƙafa. Ƙarfe huɗu da rabi ne na yamma, rana na gasa titunan unguwar Dokki, amma falon nan duhu ne dunɗum. Sati biyu ke nan da aka cire wa kakarsa, Inna Husseina, yanar ido. Likita ya ce ta rage shiga haske, ita kuma ta ɗauki maganar ta ninka ta uku: kowace taga labule biyu, ga wani ƙaton baƙin tabarau da ya cinye mata rabin fuska. Hasken da ya rage a ɗakin shi ne shuɗin fitilar tankin kifin babansa, marigayi Iliya. Wata huɗu da rasuwarsa, tankin na nan a lungu yana gurnani shi kaɗai.

A cikin tankin akwai wani dutse kamar dunƙulen hannu, wanda wasu ƙananan halittun teku, dangin murjani, suka lulluɓe shi. Zowa Iliya yake ce musu. Kowanne zagayayye ne kamar maɓallin riga, kore, tsakiyarsa ruwan lemo, gefensa da gashi-gashi irin na ido, kuma suna buɗewa suna rufewa. Shekara shida yana kiwonsu. Yau kwanansu tara a rufe ruf, wani farin abu kamar auduga yana cin su ta ƙasa. Shi ya sa Zaid ya hau ƙananan bas biyu har unguwar Madinat Nasr, wurin Husam mai shagon kifin ado, ya samo magani.

Ya leƙa tankin. Gurbin dutsen wayam.

"Inna, ina dutsen Baba?"

"Aure ka yi ko mai gadi ka ɗauka?"

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Miji ya fita tun azahar, ya dawo ko dabino babu, sai cigiyar dutse. Ka tafi ka aure shi mana."

Sai ya jiyo wani siririn fito daga kicin. Ledar hannunsa ta faɗi, ya ruga can.

Dutsen yana zaune cikin kwanon silbarta, da ɗan ruwan tanki iya wuyansa. A gefe ga ƙullin kanwa. A kan gas ga butar shayi ta fara huci. Zaid ya kashe wutar, ya ɗauke butar ya kai ta can kan taga kamar mai ɗauke maciji. Inna ta biyo shi tana dafa bango, shuɗin haske na lasar gilashin tabaranta.

"Kai wa ya aike ka? Kunna min wutata."

"Me za ki yi da tafasasshen ruwa, ke matar nan?"

"Funfuna ce ta kama shi. Tun ubanka yana tsumman goyo nake maganin funfuna. Ƙwarya, ludayi, tulun man shanu, duk hanya ɗaya ce: ruwan zafi, kanwa, a kifa a rana. Khalas, shi ke nan."

"Ƙwarya tana numfashi?"

"Kai ma ai kana numfashin, me ya tsinana min?"

"Inna, abin nan guba gare shi a jiki. Husam sai da ya sa na maimaita sau uku kamar ɗan aji ɗaya. In ruwan zafi ya taɓa su, cikin tururi gubar take tashi. Wanda ya shaƙa, ƙirjinsa ya toshe. Ga tagoginki duk a liƙe. Da na tsaya shan rake a hanya, sai dai mai gadin bene ya ɓalle ƙofa ya same ki a miƙe."

"To ai da ka huta, ka auro Balarabiya."

"Wa zai ba ni? Za a ce ga wanda matarsa ta dafa dutse ta mutu."

Ya kamo hannayenta ya jujjuya su a hasken waya.

"Kin taɓa shi?"

"Allah ya sawwaƙe. Da cokalin tsame ƙosai na ɗauko shi. In sa hannu in taɓa abin da yake kallona?"

"Cokalin nan ya gama aiki a gidan nan. Shi da kwanon."

"Kwanon da na taho da shi tun daga Gumel? Wallahi yau sai ka ba ni takardata."

"Saki nawa kike so?"

"Uku, da kuɗin jirgi."

"Biro ya ƙare. Zo ki zauna."

Ya ɗauko kwanon zuwa falo a hankali, ya aje kan tebur gaban tankin. Ya jera robobi biyu, ya ɗebo ruwan tankin ya zuba a kowacce. Inna ta zauna a kujerar da ke kusa. Kujerar Iliya, wadda ke fuskantar ƙofa, ba wanda yake zama a kanta.

"Kuma daina cewa suna kallonki. Ba su da ido."

"Uhm."

"Mene ne uhm?"

"Da ina da yana, ni ma haka nake cewa. Tunda aka share min idon nan nake ganin abin da ban nema ba." Ta rage murya. "Kullum biyar da rabi, daidai lokacin da Iliya yake sa mukulli, sai duk su juya su fuskanci ƙofa. Su arba'in ne, na ƙirga. Su tsaya ƙyam, suna jira. In ba a shigo ba, sai su koma."

Zaid ya ci gaba da kwance ledar magani bai ɗago ba. Shi ma ya gani. Tun satin rasuwar yake gani, shi ya sa biyar da rabi ba ta cika samunsa a gida ba.

"Famfon tankin ne," ya ce. "Baba ya saita shi yana juya ruwa a lokacin."

"To, famfo ne. Kwana biyar ina kallon famfon naka. Ran na biyar ɗin na matso na sa baki jikin gilashi na ce musu, ba zai dawo ba, ku daina. Da gari ya waye duk sun rufe. Har yau."

Tankin ya yi wani ƙugi, kumfa ta taso ta fashe.

"Wato bakinki ne," in ji Zaid daga baya. "Da ma na faɗa wa mutane, bakin matata ya fi fiya-fiya."

"Ɗan banza. Ni na rufe su, na ce bari in buɗe su da hannuna."

"Da butar shayi."

"Da abin da na sani."

"Ma'alish, kwantar da hankalinki. Ba bakinki ba ne, ni ne na yi sati biyar ban canja musu ruwa ba. Datti ya kwanta a tsakaninsu, funfuna ta samu gida. Kin ji. Rabin laifin nawa ne."

"Rabi? Duka dai. Na janye nawa."

Ya ɗiga maganin, wato aidin, a roba ta farko, ɗigo-ɗigo, har ruwan ya koma kalar shayin da aka yi wa rowar ganye. Ya zura safar hannu, ya fito da sirinji marar allura da sabuwar reza. Sai ya tsaya yana dube-dube a ƙarƙashin tankin.

"Ina gilashin da Baba yake sawa in zai taɓa su?"

"Na bayar sadaka ran arba'in, tare da takalmansa."

"Wa kika ba gilashin aikin kifi, fisabilillahi?"

"Wani mai walda. Ya yi ta godiya."

"In na matsa su, tsartuwa suke yi. Ɗigo ɗaya a ido, sai mu koma mu biyu muna dafa bango." Ya juyo ya ƙura wa fuskarta ido. "Amarya."

"A'a."

"Ban ce komai ba."

"Na ga inda kake kallo. Wannan na likita ne."

"Minti goma kawai. Ai ɗakin ya fi kabari duhu."

"Ka sa, a ce wa? Da wannan kan naka kamar gwandar da ta faɗo daga mota?"

"Ke da kike sa shi kamar direban tirela fa?"

"Tirelar ubanka."

"Ɗanki dai."

Farin abin nan ya kusa kai rabin dutsen, shi ma yana gani, ita ma tana gani. Husam ya ce in aka ƙara kwana biyu, sai dai a jefar. Ta sa hannu biyu ta zare tabaran, ta runtse ido gam, ta miƙo shi ta inda ba nan yake ba.

"Aro ne. In ka karce min shi, kotu."

Ya karɓa ya sa. Komai ya ƙara duhu, sai dutsen kawai yake wani ƙyalli kore-kore a cikin kwano. Ya ɗaga shi ya nutsa a ruwan aidin.

"Minti biyar zai yi. Hannuna a jiƙe, ba zan taɓa waya ba."

"Bar wayar." Ta laluba ta zaro carbi. "Istigfari ɗari uku nawa minti biyar ne cif. Shekara talatin da shi nake dafa ƙwai."

"Shi ya sa ƙwanki kamar ƙwallon roba."

"Astagfirullah. Astagfirullah. Wannan biyun naka ne."

Ya dinga zuƙo ruwa da sirinji yana fesawa tsakanin 'yan halittun a hankali. Farin abin ya fara ɓarewa yana tashi sili-sili, kamar furfura a ruwan wanka. Ƙarƙashinsa wasu na nan da ƙwarinsu, wasu sun narke sun yi baƙi. Ya saci kallon Inna. Rabon da ya ga fuskarta babu tabarau tun asibiti. Ta ƙanƙance. Idanun a rufe ruf, gefensu a jiƙe, leɓe na motsi, ƙwayar carbi na ƙas, ƙas, ƙas tare da gurnanin famfo.

"Ɗari uku. Fito da shi."

Ya fito da shi, ya sa reza ya yanke waɗanda suka mutu, ya kankare gurbinsu har dutse, ya ƙulle su a leda biyu. Ya ɗauraye sauran a roba ta biyu.

"Nawa ka yanke?"

"Shida."

"Inna lillahi. Mahauci na aura ashe."

"Da na bar ki, da arba'in ɗin duk sun zama farfesu, da ke a ciki."

Ya mayar da dutsen tanki, ya aje shi kusa da bakin famfo inda ruwa ya fi gudu, don kada datti ya sake kwanciya. Ya zubar da ruwan robobin a masai, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya dawo ya tsuguna gaban gilashin.

"Gobe a sake, jibi a sake. Husam ya ce ba lallai su buɗe yau ba. Wataƙila ma ba za su buɗe ba."

"Ƙarfe nawa?"

Ya duba. Bai so ya faɗa ba.

"Biyar da rabi."

A matakalar bene aka jiyo takun mutum, a hankali, irin na wanda ya gaji. Ƙarar mukullai. Takun ya hau, ya hau, ya zo daidai ƙofarsu ya tsaya. Carbin Inna ya daina motsi. Maƙwabcinsu ne, Zaid ya gaya wa kansa, Ammu Tarig na sama ne yake hutawa, kullum a nan yake hutawa. Sai dai bai ji takun ya ci gaba ba.

A saman dutsen, guda ɗaya ya motsa. Bakinsa ya tsage kaɗan, kore ya leƙo. Gashin gefensa ya warware sannu-sannu har ruwan lemon tsakiya ya fito. Ya karkata.

"Inna," ya ce da raɗa. "Buɗe idonki."

"Ƙofa yake kallo?"

"Buɗe dai."

Ta buɗe na dama, sannan na hagu. Abin ya ba ƙofa baya. Kujerarta yake fuskanta, sak.

Ta daɗe tana kallonsa, shi ma haka.

"Famfo ne," in ji ta.

"Famfo ne," in ji Zaid.

"Ko kuma ya san mai kyau a gidan."

"Wace mai kyau? Dubawa yake ya ga ina kika aje butar."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda take zuwa da tari da hawaye, har sai da ta dafe ƙirji. Ya cire tabaran ya miƙa mata. Ta ture hannunsa.

"Riƙe, ɗan nema. Na bar maka, ai da gobe da jibi. Ka ci wannan karon, na fasa karɓar takardar." Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo kujerarta ta matso jikin gilashin. "Saura talatin da uku. Duk wanda ya buɗe, nan zai same ni. Kai kuma je ka ɓoye butar nan, kada kishi ya kama ka ka dafa min su."