Baƙon da Ba Ya Sallama

Wani mutum ne a Daura, ma'aikacin wani kamfanin taki da irin shuka mai hedikwata a Kano. Allah ya zuba masa kishi, irin wanda ko zakaran maƙwabta ya leƙo ta katanga sai ya tambayi matarsa abin da ya kawo shi. Amma fa yana son matar nan tasa, Shatu, kamar ransa. Har ya sa aka ɗora masa hotonta a fuskar kwamfutarsa ta ofis, ta sha kwalliyar sallah, ba mayafi. Ya ja teburinsa can ƙurya, ya juya kwamfutar yadda ba mai ganin fuskarta sai shi da bango.

Ran nan manaja, Malam Badaru, ya tara ma'aikata ya ce, "Albishirinku. Kun san wahalar da muke sha in kwamfuta ta tsiri sabunta manhaja ana tsakar aiki, manoma na jira a layi. To an gama da wannan. Akwai injiniyanmu a Kano, Sabiru. Daga can zai riƙa shiga kwamfutar kowa ya sabunta abin da ya tsufa, ya gyara abin da ya lalace, ya fita. Ba wanda zai ma san ya shigo."

Kowa ya yi hamdala. Amma ban da gogan naka. Ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, shi Sabirun namiji ne?"

"Ka taɓa jin mace Sabiru?"

"Kuma zai shigo ba sallama?"

"Ai amfanin abin ke nan."

"Yana da aure?"

Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a koma bakin aiki.

Washegari mutumin naka ya zo da kwali, ya rubuta BA A SHIGA da manyan baƙaƙe, ya liƙa a goshin kwamfutar. Da aka kira azahar, ya zaro mayafi daga jaka ya lulluɓe ta ruf, ya kama da fil, sannan ya tafi masallaci. Sallar ma Allah kaɗai ya san yadda aka yi ta, don jikinsa ne a sahu, zuciyarsa na ofis.

Harisu, abokin aikinsa na teburin kusa, ya sha dariya har da hawaye. Ya ce, "Mutumina, ai ba ta gaba yake shiga ba. Ta intanet yake biyowa. Ko bargo ka rufa mata zai shiga. Ka cire hoton mana ka huta."

Ya ce, "In kori matata daga ɗakinta saboda baƙo? Shi ne dai zai koyi ladabi."

Ya karɓi lambar Sabiru ya buga masa.

"Malam Sabiru? Daga reshen Daura ne. Yaushe za ka shigo tawa?"

"Ai na shiga ɗazu, kuna masallaci."

Gogan ya dafe ƙirji. "Wato sai da ka bari na fita."

"Ƙwarai, don kada in dame ka."

"Ka ga abin da na rubuta a ƙofa?"

"Wace ƙofa?"

"To ka gan ta?"

"Wa? Malam, ni ba na ko kallon fuskar kwamfutar. Can ciki nake aikina."

"Har ciki?"

"Har ciki mana. Kuma ban ƙarasa ba, zan dawo."

"In za ka dawo ka tsaya daga waje, ka aiko a yi maka iso."

Sabiru ya ce sabis ba kyau, ya kashe waya.

Daga ranar gogan naka ya ɗaura ɗamarar gadi. Ya daina fita shan fura. Salla a gefen tebur yake yi, ya sallame dama ya sallame hagu ya leƙa kwamfuta. In fankar cikinta ta ɗan yi ƙara sai ya kara kunne ya ce, "Waye nan?" Manomi ya zo sayen taki, sai ya ce masa ya dakata, akwai motsi a gidan. Duk ya rame ya fita hayyacinsa, abin tausayi abin dariya.

Amma ciki ba ya jin rarrashi. Ranar Alhamis ɗanwaken da ya ci da safe ya murɗa masa ciki, dole ya ruga bayan gida. Yana dawowa ya tarar kwamfutar ta sake kunna kanta. Ba Shatu ba alamarta. A wurinta kamfani ya sa wa kowa hoto iri ɗaya: gonar masara kore shar, da buhun taki a tsakiya.

Ya ce, "Innalillahi. Ya ɗauke ta, ya bar mini taki."

Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya tare ɗan acaɓa, ya ce a taka kamar ana bin ɓarawo. Ya faɗa gida yana haki, ya tarar da Shatu a tsakar gida tana tankaɗen gari, hankali kwance.

Ya tsaya yana zare ido. "Yaushe kika dawo?"

"Daga ina, Malam?"

"Kada ki raina mini hankali. Ina mutumin?"

Ta ajiye rariya. "Wane mutum kuma?"

Nan ya zayyana mata komai: wani ƙato ne daga Kano, ba ya sallama, ba a jin motsinsa, sai ya bari maigida ya fita sannan ya lallaɓo.

"To in ya shigo me yake yi?"

"Wai ya gyara duk abin da ya lalace, ya canza wanda ya tsufa, ya fita ba wanda ya dama."

"Ba ya cewa sai gobe?"

"Ba ya cewa komai."

"Ba ya faɗa, ba ya neman a kawo masa abinci?"

"Na ce miki ko tari ba ya yi."

Shatu ta dubi ƙyauren ɗaki da ke rataye da igiya, ta dubi rufin madafa da ke yoyo tun bara, ta ɗauki rariyarta.

"To Malam, don girman Allah gobe ka fita da wuri."