Rasuwar Doguwa, Motar Nas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da bai huce ba, Nas mai ritaya ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar motarta, wadda layi ya sani da Doguwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar asibiti, tana da shekara ashirin da shida, bayan jinyar wata bakwai da hannun mutane a cikinta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Murɗa makulli ɗaya take tashi, ta ce "hum-hum-hum" kamar mai amsa gaisuwa. Ta kai masu naƙuda da dama ɗakin haihuwa, kuma duk mako ita ke kai maigidan Nas wurin likitan ƙafarsa. Ba ta taɓa kunyata uwar ɗakinta a bainar jama'a ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne bayan ƙanin mijin Nas ya are ta kwana uku, wai zai kai iyali biki. Da ta dawo, sai bayanta ya zauna, ta koma tafiya hanci sama. Kowane rami ta faɗa sai ta ce "ƙwam". Daga gudun sittin kuma sai karkarwa ta kama ta, "gurrr", har madubi ya daina nuna komai.

Nas ta kai ta garejin bakin kasuwa. Shekara talatin ta yi tana sauraron ƙirjin marasa lafiya, don haka ta yi wa makaniken bayani dalla-dalla: karkarwar a kujera take jin ta, sitiyari kuwa lafiya lau, kuma tana ƙaruwa idan an taka totur. Ya yi murmushi ya ce ai mata da ma haka suke, ba sa raba ƙarar mota da ta injin markaɗe. Ya canja tayoyin gaba. Da ta koma, ya yi musu balansin. A zuwa na uku ya ce tsufa ne kawai, a ci gaba da lallaɓawa. Ko sau ɗaya bai sa bayansa a ƙasa ya leƙa cikinta ba.

Ranar Talata, da maigida a kujerar baya, Doguwa ta yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga gare ta ba. Farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta tsinke ta fasa giya. Da sauran numfashinta ta gangara gefen titi ta tsaya, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Wani tsohon makanike da ya binciki gawar ya gano komai kafin shayinsa ya huce. Sifirin na baya sun kwanta, shakazoba biyu masu shanye girgiza sun tsiyaye, mahaɗin farfela ya cinye tun tuni. Da ya ɗaga shimfiɗar but, sai ga garin siminti ya daskare a kowane lungu. A watan da aka are ta ne ƙanin miji ya ɗaga katangar gidansa.

Ta rasu ta bar Nas, da maigida wanda yanzu sai a ɗan sahu, da tayar safaya ɗaya, da jak, da sababbin tayoyi biyu da ba su san hawa ba balle sauka.

Ana karɓar gaisuwa a gida daga kowa, ban da mutum biyu, kuma sun san kansu.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma zuwa filin 'yan gwangwan da ke saman tudu. Tawaga za ta tsaya a ƙofar garejin bakin kasuwa, inda tsohon makanike zai maimaita abin da ya gani da babbar murya a gaban masu kawo gyara. Ba za a ɗauko motar ja ba. Surukar Nas, uwar mijinta, ta riga ta yanke hukunci cewa ɗanta da ya ari motar ne zai tura gawar daga gida har tudu, shi kaɗai. Nas ce za ta riƙe sitiyari, kuma ta ce ƙafarta ba za ta yi nisa da birki ba.