Ranar da Na Yi wa Ɓarayi Addu'a

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shagon Baba Ishaya da ke Kakuri ba. A shekarar da sojoji suka koma bariki ne. Gari ya cika da murna, kowane sabon kansila da liyafarsa, kowace liyafa da ankonta, teloli ko ɗaga kai ba sa yi. Ni kuwa masaƙar da nake aiki ta rage ma'aikata, sunana na sahun gaba. Sai Baba Ishaya, wani abokin mahaifina mai sayar da kekunan ɗinki, ya ɗauke ni gwaji na wata ɗaya. Sharaɗinsa ɗaya ne: in sayar da keke ko guda.

Mako uku ya wuce ban sayar da ko allura ba. Ba wai ba na ƙoƙari ba ne, ƙoƙarin ne ma ya yi yawa. Na haddace takardar da ke zuwa cikin kwali kaf, da mutum ya leƙo sai in tare shi da bayanin ƙafa da igiya da ƙoshiya, har ya fara neman ƙofa. (Akwai wanda na yi wa bayani na kusan rabin awa, ashe hanyar tasha ya shigo tambaya.)

Da Baba ya gaji, sai ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, mai saye ba makaranta ya zo ba. Ka bar shi ya yi magana. Abin da zai tsayar da shi yana bakinsa, kai dai ka saurara."

Ni kuwa abin da na fahimta shi ne in rufe baki in riƙa gyaɗa kai. Har gwaji na yi a gaban madubi. Na tanadi amsa uku da zan riƙa jefawa bi da bi: "Haka ne." "Ikon Allah." "Madalla, Allah ya ƙara."

Ranar Larabar sai ga Mama Talatu, wata babbar tela daga Nasarawa, shugabar zumuntar mata a cocinsu. Na ba ta kujera, na haɗa hannuwa, na gyara fuska kamar fasto yana jin matsalar aure. Ta fara magana. Na ce, "Haka ne." Ta ci gaba. Na ce, "Ikon Allah." Gaskiya ban san me take faɗa ba. A zuciyata ina ta bitar bayanin keken da zan sauke mata da zarar ta numfasa, ina kuma hango Baba yana shafa mini kai.

Da na ji ta ɗan tsagaita, sai na duba jerina, na ga ta uku ce a layi. Na washe baki na ce, "Madalla, Mama, Allah ya ƙara."

Baba da ke bayan kantar shagon ya sauke rediyo daga kunnensa a hankali.

Mama Talatu ta dube ni tun daga takalmi har hula, ta ce, "Yaro, na ce maka ɓarayi sun fasa shagona sun kwashe kekuna biyu, ka ce Allah ya ƙara? Ko da kai aka zo ne?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na buɗe baki in gyara, kuma wallahi abin da ya fito shi ne, "Haka ne." (Har yau ban san wanda ya aiko wannan kalmar ba.)

Ta ɗauki jakarta ta miƙe. Baba ya sha gabanta yana ba ta haƙuri, kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa. Ya ce, "Mama Talatu, don Allah zauna. Ki maimaita masa daga farko. In kin gama zai faɗa miki abin da kika ce, in ya rasa ko ɗaya ni zan kore shi a gabanki."

Ta zauna, ba don tausayina ba, don ta ga ƙarshena. Wannan karon na saurara kamar mai jiran hukuncin alƙali. Ashe ankon liyafar wani kansila ta karɓa, saura kwana tara, keke ɗaya ya rage mata. A cikin labarin ta yi ƙorafin cewa ko ta gama ɗinkin, sai ta tsallaka gada ta kai wa masu aikin wuyan riga a cikin gari, su ajiye mata riguna kwana da kwanaki. Ta faɗe shi ne a wuce, tana tsaki.

Na maimaita mata komai. Sannan na ce, "Mama, wannan tsallaka gadar, sau nawa kike yi a mako?"

"Sau uku. Me ya dame ka da shi?"

"Ina tunani ne, da a ce ba sai kin tsallaka ba."

Ta ajiye jakar a cinya. "Kamar yaya?"

Bayanin nan da na haddace ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi da ƙyar. Na je na yaye ledar wani keke mai aikin zigizaga, irin wanda ake aikin wuyan riga da shi, da ya daɗe a lungu, na sa ƙyalle na yi mata ɗan layi ɗaya, na miƙa mata. Ta juya ƙyallen gaba da baya, ta ce in tashi. Ta hau da kanta. Daga nan ita ke tambaya ni ke amsawa, kuma a taƙaice, don duk lokacin da na fara tsawaitawa sai Baba ya yi gyaran murya.

Ba ta saya ranar ba. Ranar Juma'a ta dawo da mota, ta ɗauki wannan da wani guda mai ɗinki zalla. Amma kafin nan ta riga ta ba duk matan zumunta labari. Wata guda cur mata na zuwa shagon don kawai su ga yaron da ya yi wa ɓarayi addu'a, wasu kuma in sun gama dariya sai su tsaya duba keke. Baba ya ce bai taɓa samun tallar da ta kai wannan ba, amma kada in sake.

Na riƙe aikin, na kuma koyi cewa gyaɗa kai aikin wuya ne kawai, kunne ba ya ciki. Yanzu shekaru sun ja, ina da nawa shagon, ina koya wa wasu sauraro da bakin manya. Sai dai har gobe, in mutum ya gama ba ni labari, nakan ce, "Tsaya, mai daɗi ne ko marar daɗi?" kafin in sa masa albarka.