Rasuwar Gwangwanin Bab Jebli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Si Lotfi wanzami da maiɗakinsa Lella Naziha, na cikin birnin Sfax, suna sanar da rasuwar gwangwaninsu, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce a gidansa da ke jikin ganuwa, dab da ƙofar Bab Jebli.

Marigayin ya fara rayuwa a matsayin gwangwanin alewar shamiya. Da aka cinye alewar, Wassim, ɗan masu gidan tilo, ya wanke shi ya sa shi cikin wasan nan na ɓoyo da nema, wanda ake ɓoye abu a saka lambobin wurin a intanet, masu waya su biyo sawu. Wanda ya same shi sai ya ɗauki ɗan abu daga ciki, ya ajiye nasa. A lokacin Si Lotfi cewa ya yi:

"Kai da digirinka, aikin da ka samu ke nan? Gadin gwangwani?"

"Baba, gara shi. Shi ko ba komai ana nemansa."

Da zaman banza ya ishi Wassim, sai ya bi kwalekwalen masu tsallaka teku zuwa Italiya. Sallahun da ya bari ɗaya ne: a riƙa duba masa gwangwanin kafin ya dawo. Shekara huɗu ke nan babu shi babu labarin kwalekwalen. Dangi sun yi ta magana a yi zaman makoki, Si Lotfi ya ce shi ba ya karɓar gaisuwar wanda bai ga gawarsa ba. Sai dai duk Juma'a bayan masallaci yakan je ya zaro dutsen da ya rufe ramin ganuwar da gwangwanin yake ciki, ya goge tsatsa, ya shafa wa murfin man zaitun.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Rana ta gasa shi, iskar teku ta ci gefensa, bai taɓa ƙorafi ba. Baƙo bai taɓa barin wurinsa hannu rabbana ba, ko da maɓallin riga ne. Maganarsa ɗaya ce a duniya, "ƙiii" idan an buɗe shi, sai kuma "ƙwas" idan an rufe.

Bai yi jinya ba. Magina ne suka zo gyaran ganuwa, suka ga rami, suka cike shi da ƙasa da farar ƙasa, suka shafe. Ko da Si Lotfi ya iso, bango ya yi sumul. Babban maginin ya ji kunya ƙwarai.

"Wallahi Baba ban san da komai a ciki ba. In fasa maka?"

Tsohon ya daɗe da tafin hannunsa a kan danshin bangon.

"Bar shi, ɗana. Ka yi aikinka da kyau."

Da ya koma gida bai iya cin abinci ba. Lella Naziha, wadda ba ta taɓa zuwa ganin gwangwanin ba ko sau ɗaya, ta zauna kusa da shi ta ce:

"Lotfi, wannan dai mun san inda yake kwance. Ka bari a fito da kujerun zaman makoki."

Ya ce a fito da su.

Marigayin ya bar 'yan'uwansa gwangwanaye biyu waɗanda abokan Wassim suka ɓoye, ɗaya a ƙofar Bab Diwan, ɗaya a ƙofar Bab Gharbi, da Hamadi mai kayan miya na bakin ƙofar, wanda ya san maɓoyarsa tun farko bai taɓa tonawa ba.

Ba za a yi wanka ko ɗaukar makara ba, domin an riga an rufe shi. Za a zauna karɓar gaisuwa a gidan Si Lotfi, bayan shagonsa, daga Alhamis zuwa Asabar bayan la'asar. Za a yi sauka, za a raba kuskus. Lella Naziha tana roƙon abokan Wassim su zo dukansu, har da waɗanda suka san ranar tafiyarsa suka yi shiru. Ta ce babu wanda za a tambaya komai.