Tabon da Na Kankare

Nasarawa, Jos, Disamba 1956

Zuwa ga Mai Girma Garken Taurari, mazaunin can bayan sama, wanda ba ya ganuwa sosai sai da madubi.

Bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya, in ana wuni a wajenku. Ni ne Ayinla Mai Hoto. Baturen awo na kamfanin kuza ne ya ɗauke ni in taya shi ɗaukar hotonka ta madubinsa na hangen nesa. Ga kukana, ranka ya daɗe:

1. Ko yaron goye na ce kada ya motsa, yakan ɗan ji. Kai kuwa awa biyu muna kan dutse muna murɗa madubi muna bin ka, sanyi na cin yatsuna.

2. Bature ya ce haskenka ya baro gida fiye da shekara miliyan. Ashe alhakin amare nake ɗauka da nake cewa suna daɗewa wajen kwalliya?

3. Bayan wannan dogon shiri, a wace kama ka iso? Na wanke gilashin hoton, taurari sun fito tsaf, sai wani ɗan tabo a tsakiya kamar an ɗiga mai. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya hoto mai tabo bai taɓa fita daga shagona ba. Na sa reza na kankare shi tas, na kai wa Bature ina murmushi. Ya yi ja kamar tumatirin kasuwar Farin Gada. Ashe kai ne, da taurarinka da ba su ƙirguwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma har yau ina jin kunya.

4. Tun ranar hannuna ya ƙi reza. Jiya Madam Abibat ta zo karɓar hotonta, ta tarar da ƙurjin hancinta yana nan daram. Ta rantse ba ta sake zuwa, ita ce ta shida da ta guje ni. Ba hoto mutane ke saye a wurina ba, gyara suke saye.

Ranar Asabar madubi zai shiga akwati ya koma Ingila. Don girman Allah, daren Juma'a ka fito fes, ka zauna shiru, in san fuskarka, in iya bambanta ka da ƙurji. Kada ka wahalar da kanka da rubuta amsa, na ji yadda saƙonka ke sauri.

Naka mai biyayya, wanda ya taɓa share ka daga duniya ba da gangan ba,

Ayinla Mai Hoto