Ranar da Muka Busar da Unguwarmu

Duk faɗin Shimulghat babu wanda ya san ambaliya kamar Injiniya Mokhlesur Hawladar. Ya yi nazarinta a otal-otal na ƙasashe bakwai, cikin ɗakuna masu sanyi, kuma ko sau ɗaya ba ta yi gigin jiƙa masa takalmi ba. Mu da muke kwana a cikinta duk damina, namu sauraro ne. Shi ne shugaban sashen juriyar birni, muna ce masa Sarkin Juriya. A gabansa ma muke faɗa, don ya ɗauka sarauta ce.

Shi ya sanar da mu cewa baƙi daga wani asusun raya birane na ƙasashen waje suna tafe. Magudanar ruwa ɗaya za su gina bana: ko a unguwarmu ta bakin kogi, ko a Betkhali, garin da ke tsallake. Wanda ya fi buƙata shi zai samu. A lokacin kuwa ruwa ya kai gwiwa a tsakar gidajenmu.

Sarkin Juriya ya hau bencin mai shayi, ya gyara tabarau.

"Jama'a, na ci abinci teburi ɗaya da mutanen nan. Na san abin da ke burge su: tsari! Yanzu garin da nake riƙe da shi zai tarbi baƙi cikin taɓo?"

Jobeda, tsohuwar da duk unguwa ke ce wa Khala, ta ɗaga sandarta. "Kai Mokhles, ba taɓon za su zo gani ba? Gadona fa a kan bulo yake."

"Khala, wannan magana ce ta ilimi."

"To ilimin ya zo ya kwana a ɗakina."

Muka yi dariya, sannan muka bi shi. Kada a ɗora masa laifin shi kaɗai. Shi hotonsa yake so a bangon rahoto. Mu kuma mutane ne da za mu iya kwana cikin ruwa shekara goma, amma baƙo ba zai ga ƙazantarmu ba, balle ya je ya ce 'yan Betkhali sun fi mu tsafta.

Kwana uku muna aiki. Muka karɓo injinan ban ruwa daga masu gonakin shinkafa muka zuƙe unguwa tas. Muka zuba yashi, muka jera tukwanen furanni. Ni da hannuna na shafe layin da ruwa ya bari a bangon makaranta, fenti har shafa biyu. Khala kuwa aka ɗora ta a riksho, keken haya mai ƙafa uku, zuwa gidan 'yarta, wai ta huta.

Baƙi suka iso, suka ci shinkafa da kifin ilish har da ƙari. Shugabarsu, wata doguwar mata, ta dubi ƙasa, ta dubi takardar hannunta, sannan ta tambaya ta bakin tafinta: ina ruwan yake?

Sarkin Juriya ya dafa ƙirji. "Ranki ya daɗe, a wasu garuruwan ruwa yakan tarar da mutane. A nan ni yake tararwa."

Muka tafa. Ni na fi kowa.

A Betkhali, marasa kunyar nan suka bar baƙi suka nutse cikin taɓo har takalmin matar ya ɓace. Ko shayi ba su ba su ba. Su aka gina wa magudana.

Mu ma ba a manta da mu ba. An aiko mana takardar yabo mai zanen zinare: unguwa abar koyi wajen juriya. Sarkin Juriya ya karanta mana ita sau biyu daga cikin kwalekwale, don tun kafin mako ya zagayo ruwan ya dawo wurinsa.

Yanzu daga garuruwa masu nisa ake zuwa koyon yadda muka yi. Jibi ma wata tawaga na tafe. Sarkin Juriya ya ce kowane gida ya fito da bokiti biyu na kwashe ruwa, kuma har yanzu ban ji wanda ya ce ba zai fito ba.