Ranar da Rumbun Gwaji Ya Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, domin har yau akwai mutanen da in suka hango ni a PZ, nan Zariya, sai su fara murmushi tun kafin mu gaisa.

Shekarar da na gama karatun kwamfuta ke nan, ina zaune a Samaru, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro intanet. Sai Mama Rifkatu ta aiko a kira ni. Ita ta koyar da ni a aji huɗu na firamare, da ta yi ritaya kuma ta buɗe tata makarantar a Sabon Gari, wajen Dogarawa. Mace ce da in ta yi gyaran murya a ofis, sai 'yan aji shida su yi tsit.

"'Yata, an ce kin zama injiniya," in ji ta. "Na gaji da iyayen da ke ɓatar da katin sakamako. Ki yi mana abin da za su riƙa dubawa a waya."

Na ce, "Mama, ai wannan ƙaramin aiki ne." (Bakina ya daɗe yana ja min.)

Bari in yi wa wanda ba sana'arsa ba bayani kaɗan. Manhajar da iyaye za su buɗe tana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da muke kira saba. Sunayen yara da makinsu kuma suna wani wuri dabam, rumbun bayanai. Abin da ke haɗa su wani ɗan fayil ne mai layi biyar: adireshin rumbun, lambar ƙofarsa, sunansa, sunan mai shiga, da kalmar sirri. Duk inda fayil ɗin ya nuna, can manhaja za ta je ta ɗebo.

To ni rumbu biyu na yi. Ɗaya na gaske, mai sunayen yaran mutane. Ɗaya kuma na gwaji, wanda ake cikawa da sunayen ƙarya don a ga ko abu na aiki. Mai hankali zai rubuta Ɗalibi Ɗaya, Ɗalibi Biyu. Ni kuwa sai na ga hakan ba daɗi. Na ɗauko malaman makarantar kaf na zuba su a aji uku, na raba musu maki yadda raina ya so, har da sharhin malamin aji a ƙarƙashin kowane suna. Wa zai gani? Ni kaɗai ce da laftof ɗina.

Ana gobe taron iyaye da malamai, inda za a ƙaddamar da abin, na buɗe fayil ɗin nan na goge sunan rumbun gwaji, na sa na gaske, na adana. Na leƙa shafin farko, ga tambarin makaranta ya fito fes. Sai na rufe laftof na tare napep, domin tela na jirana a PZ da ɗinkin da zan sa a taron. Abin da na sani sarai, amma ɗokin atamfa ya mantar da ni, shi ne sabar ba ta karanta fayil ɗin sai lokacin da aka tashe ta. In ba a kashe ta an sake kunnawa ba, tana nan riƙe da tsohuwar hanyarta. Wato na canza adireshi a takarda, ban gaya wa direba ba.

Washegari zaure ya cika. Iyaye a kan benci, malamai a jere a gefe, majigi na haska bango. Na tashi cikin sabon ɗinki na yi jawabi na kusan minti goma, har da cewa "tsarin nan ba ya kuskure." Aka tafa. Mama ta ce shugaban ƙungiyar iyaye, Alhaji Tanimu, wani dattijo mai shagon yadi, shi zai buɗe da hannunsa.

"Wane aji za mu duba, Alhaji?" na tambaye shi.

"Aji uku mana, 'yata. Jikata na can."

Ya danna. Ni ina fuskantar jama'a, ina ta rabon murmushi, bangon na bayana. Alhaji ya gyara tabarau, ya matso da lasifika bakinsa, ya fara karantawa a hankali, irin karatun mutumin da ba ya tsallake ko wasali.

"Ta ɗaya a aji…" Sai ya kira sunana. Cikakke. "Lissafi, ɗari. Turanci, ɗari. Sharhin malami: Haziƙa ce, Zariya ta yi mata kaɗan."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka cikin shirin ne. Ni kuwa murmushin ya bushe a fuskata. Na juya. Ga su nan reras a bango, manya-manyan baƙaƙe.

"Alhaji, dakata, akwai ɗan…"

Ina! Alhaji ya riga ya hau layi. "Na biyu, Ishaya Dauda." Malamin lissafi ke nan, yana zaune a gefe da rajista a cinya. "Sharhi: Yaro mai natsuwa, ga iya murmushi. A bincika ko yana da aure."

Zauren ya fashe. Wata uwa a baya har da guɗa. Malam Ishaya ya ɗaga rajista ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na yi tsalle zuwa laftof, amma wayar majigin ta naɗe min ƙafa, kafin in warware Alhaji ya gangara ƙasan shafi (wai shi jikarsa yake nema).

"Ta ƙarshe a aji, Rifkatu Bulus. Lissafi, goma sha biyu. Sharhi: Ta cika tsawa. A rage mata shayi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kowa ya juya yana kallon Mama. Alhaji ma sai a lokacin ya gane abin da ya karanta, ya ajiye lasifika a hankali kamar ƙwai, ya ce, "Subhanallahi."

Mama ba ta ko motsa ba. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da na sani tun ina 'yar shekara tara, ta ce, "Injiniya, muna jiran yaranmu."

Gyaran da bai kamata ya kai minti ɗaya ba, sai da ya ba ni wuya. Sau biyu ina kuskuren kalmar sirri, kuma duk zauren na gani a bango. A na uku na shiga, na kashe sabar, na kunna. Ta karanta fayil ɗin, ta kama rumbun gaske, sunayen yara suka fito. Jikar Alhaji ta zo ta huɗu. Aka tafa, amma na san rabin tafin na wasan kwaikwayon da na yi musu kyauta ne.

Da aka watse na nemi sulalewa ta ƙofar baya, sai na yi kiciɓis da Malam Ishaya. Ya ciro wani katin gayyatar biki daga cikin rajista ya miƙo min da hannu biyu.

"Don a rage miki wahalar bincike," in ji shi. "Wata mai zuwa ne, a Wusasa. Ki zo da wuri."

Na ce, "Allah ya sanya albarka, Malam," da wata murya da ban san ina da ita ba.

Sai aka ce Mama na kira. Na shiga ofis na durƙusa tun daga bakin ƙofa, na fara, "Mama, don Allah ki yi haƙuri, wallahi…"

"Tashi ki buɗe abin nan na ƙaryar."

Na ce ai yanzu zan goge shi gaba ɗaya.

"Za ki goge. Amma tukuna." Ta jawo kujera kusa da ni. "Maganar tsawa ban musa ba, shekara talatin ana faɗa a bayan idona, ke ce dai kika sa a bango. Shayi kuma ba mai rage min. Amma sha biyu a lissafi? Ni da na zauna da ke har bayan tashi kina kuka a kan rabawa? Gyara."

Na mayar da shi tamanin. Ta ce in ƙara. Sai da muka tsaya a casa'in da biyar, ta sa na sauko da kaina zuwa ta tara a aji, sannan ta yarda na goge. Aikin ma ba ta ƙwace ba, har yau ni ke kula musu da shi. Amma duk ranar da na taɓa fayil ɗin nan, sai ta tsaya a kaina na kashe sabar na kunna, ta kira sunan yaro guda, mu gan shi da idonmu, kafin ta bar ni in tafi.

Bikin kuwa na je, na ci shinkafa, amarya ta rungume ni ta ce ta ji labarina. Ban tambaye ta wanne ba.

Abin da na koya? In ka canza hanyar rumbu, tashi sabar, ka shiga har ciki ka duba, kada ka tsaya a bakin ƙofa kana yaba fenti. In kuma zuciyarka na da magana a kan wani, ka faɗa wa matashin kai. Shi dai ba a haɗa shi da majigi.